Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Da Daraktan Kula Da Lafiyar Dabbobi Na Jihar Bauchi Kan Kaska Da Ƙuma

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina neman afuwa da na haɗa ku a takarda ɗaya. Na san ofishinku ba ɗaya ba ne, kasafin kuɗinku ba ɗaya ba ne, ma'aikatanku ma ba kasafai suke haɗuwa ba sai a wajen taro ko ɗaurin aure. Da gangan na yi hakan. Maganar da ke tafe da ni, in na kai wa ɗayanku shi kaɗai, cewa zai yi ta ɗan'uwansa ce, kuma ba zan iya ƙaryata shi ba. Maganar kaska da ƙuma ce, da cututtukan da suke kwasowa daga jikin kare da kyanwa da ragon da ke turke su zuba wa mutanen gida.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Na kama aiki a 1983, shekarar da cutar bushiya ta yi wa shanun Arewa mummunar ɓarna, na ajiye bayan na cika shekara 35. Na bi rugage a ƙasar Toro da Ningi da Alkaleri, na yi allurar ciwon huhu, na yi wa shanu feshi har ƙaurin maganin ya zama turarena. Kaska kuwa, da ana biyan mutum gwargwadon wadda ya cire, da yanzu ina da gidan sama. Duk da haka, daminar bara kaska ta kwantar da jikana a cikin gidana, ina ji ina gani, na yi kwana goma sha biyu ban gane ba.

Yaron shekararsa 11. Akwai kare da muka ajiye a bayan gida saboda ɓarayin awaki da suka addabi unguwarmu, shi ke kai masa tuwo, shi ke kwance shi da dare. Kullum da yamma sai ya zauna ya ɗora kan karen a cinyarsa, yana ciro kaska daga cikin kunne da tsakanin yatsu, yana murtsuke su da farce. Na sha ganinsa, har na yaba masa a raina, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da zazzaɓi ya zo masa da ciwon kai, sai muka yi abin da kowane gida ke yi, muka je kyamis muka karɓo maganin maleriya na kwana uku. Bai sauka ba. Muka je wani ƙaramin asibiti, aka ɗiga jininsa a kan abin gwaji, aka ce ba maleriya. To taifot ne ke nan, aka ɗora shi kan allurai na kwana biyar. Jiki ya ci gaba da zafi kamar garwashi, yaro ya daina cin abinci, ya fara sambatu da dare. Sai a wuri na uku muka dace da wata likita, Allah Ya saka mata da alheri, wadda ta ce a tuɓe masa kaya gaba ɗaya. Ta duba tafin hannu da tafin ƙafa, ta ga wasu ƙananan ƙuraje da ba mu lura da su ba. Ta duba matsematsinsa, sai ga wani ɗan baƙin tabo kamar an ɗosana masa wutar sigari, ga kaluluwa a gefe. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, akwai kare a gida?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta rubuta doksisaikilin, maganin da kuɗinsa bai kai na allura ɗaya daga cikin waɗanda aka yi masa ba. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, yaro ya nemi kunu.

Ba na ganin laifin waɗanda suka duba shi da farko. Abin da aka koya musu suka yi. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, don haka wanda ya ga zazzaɓi ya ce sauro ne, galibi ya faɗi daidai. Inda gizo ke saƙar shi ne sa'ad da gwaji ya ce ba maleriya ba ce. A nan tunani ke tsayawa cak a kan taifot, a yi gwajin nan na Widal wanda likitoci da kansu suka san ba abin dogaro ba ne, a yi ta bugun allura. Ita kuwa ƙwayar cutar da kaska ke sakawa, wadda ake kira riketsiya, a cikin bangon ƙananan jijiyoyin jini take ɓuya, kuma magungunan dangin fenisilin ba sa taɓa ta. Ƙurajen da take kawowa, a littattafan koyarwa a jikin farar fata ake nuna su, jajaye rangaɗau. A jikin baƙin yaro, a ɗakin da ba wuta, sai wanda ya nema zai gani.

An yi wani bincike a garin Moshi na ƙasar Tanzaniya, aka wallafa shi a 2013. Cikin mutum 870 da aka kwantar da zazzaɓi, kusan kashi 60 cikin ɗari aka ce musu maleriya ce. Da aka tsananta gwaji, masu maleriya ta gaske ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi sun ninka ta nesa ba kusa ba, har da wannan zazzaɓin na kaska. Moshi ba Bauchi ba ce, namu sauron ya fi nasu yawa, ban ce a kwaso lissafinsu a ɗora mana ba. Amma a Senegal da Kenya ma, tun wajen 2010, an samu wata riketsiyar da ƙumar kyanwa ke ɗauka a jinin masu zazzaɓi. Irin ƙumar da ke jikin kyanwar Senegal kuwa ita ce ke jikin kyanwar Jahun da Fadamar Mada.

Bari in daɗe kaɗan a kan kaskar kare, domin ita na fi sani, ita kuma aka fi rainawa. Sauran kaska a daji da makiyaya suke zama, su laɓe a ciyawa su jira dabba. Wannan 'yar ruwan ƙasan a cikin gida take rayuwarta tun daga ƙwai har girma. Sau uku take hawa jikin dabba. Ta hau tana 'yar mitsitsiya, da ƙyar ido ke ganinta, ta sha jini ta sauka ta saɓe. Ta sake hawa, ta sha, ta sauka. A karo na uku ta girma, macen ta sha har ta kumbura kamar ƙwayar wake, sai ta faɗo ta bi bango ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Katangarmu ta ƙasa, da bulon da ba a yi wa shafe ba, da tarin itacen girki, da tsummokaran da kare ke kwanciya a kai, duk gidanta ne, kuma tana iya yin watanni a ciki ba ta ɗanɗani jini ba. Shi ya sa wanda ya wanke kare ya bar bango, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Bayan sati biyu kunnen kare ya sake cika.

A ɗabi'arta jinin kare ta fi so, mutum ba ya cikin lissafinta sai da dalili. Dalili na farko zafi ne. Masu bincike sun gano cewa in zafi ya tsananta takan ƙara kai wa mutum cizo, mu kuwa kun san yadda Maris da Afrilu suke a garin nan, lokacin da kowa ke fitowa da tabarma tsakar gida ya kwana kusa da bango. Dalili na biyu shi ne wanda nake so masu wayar da kai su riƙe da kyau: in aka tsorata mutane suka kori karen, ko suka kashe shi, kaskar da ke bango ba ta bin sa. Tana nan da yunwa, kuma mai jinin da ya rage a gidan shi ne yaron da ke rarrafe. Ba banza Bahaushe ya yi mata kirari da raɓi mai jini ba. Saboda haka duk wata sanarwa da za ta sa a tsani dabba ba tare da an ce a gyara gida ba, ƙara wa Barno dawaki ce.

Shi kansa karen yakan riga mutanen gida kwanciya. Dadashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, wani ya yi haɓo, ya rame har a ƙirga haƙarƙarinsa. Yawancin waɗannan cututtukan nasa ne shi kaɗai, amma shaida ce cewa gidan ya cika da kaska. Malamin dabbobi da ya ga karnuka uku haka a layi ɗaya ya san abin da ke cikin bangon layin. Malamin asibitin da ke unguwar, wanda yara za su zo masa da zazzaɓi, ba wanda zai gaya masa. Ni ma da nake aiki ban taɓa gaya wa kowa ba, domin babu takardar da ta ce in yi, kuma ban ga dalili ba sai da abin ya zo kan jikana.

A jihar Arizona ta Amurka, a yankunan 'yan asalin ƙasar, tun daga 2003 wannan kaskar ta kare ta riƙa yaɗa wani zazzaɓin riketsiya mai tsanani, yara suka mutu. Abin da ya kawo sauƙi, daga 2012, ba wani sabon magani ba ne. Ma'aikatan lafiya da likitocin dabbobi da shugabannin al'umma suka bi gida-gida tare, aka rataya wa karnuka abin wuya mai maganin kaska, aka fesa farfajiyar gidaje, aka rage haihuwar karnuka. Kaska ta ragu ƙwarai. Na kawo wannan ne don a ga cewa har ƙasar da ke da dakunan gwaji a ko'ina, ƙafa ta sa ta shiga gidajen mutane.

Sai kyanwa, wadda maganarta ta fi ta kare sarƙaƙiya. Jiharmu na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi yawa, tare da Ondo da Edo. Kowane rani ana cewa a yaƙi ɓera, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida. Mutane sun ji, sun ajiye. Kyanwa kuwa ba a ƙyamarta kamar kare, tana shiga ɗaki, tana hawa gado, tana kwana a tabarma ɗaya da yara. Ƙuma mace kan yi ƙwai har 50 a rana, ƙwan ya zube a tabarma da yashin tsakar ɗaki da ƙarƙashin katifa. Wadda ake gani tana tsalle a jikin kyanwa kaɗan ce a kan wadda ke ƙasa tana jiran ƙyanƙyashewa.

Kashin ƙuma na ɗauke da wata ƙwayar cuta, batonela. Kyanwa ta yi susa ya maƙale a farcenta, ta yakushi yaro wajen wasa, bayan sati ɗaya zuwa uku kaluluwa ta fito a hammata ko a wuya. Takan daɗe, wani lokaci watanni, har hankalin iyaye ya tashi, wannan ya ce daji ne, wancan ya ce a kai wa wanzami ya tsaga. Ƙananan kyanwoyi, waɗanda yara suka fi son ɗauka, su suka fi yaɗa ta. Akwai kuma tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa da ke girma a cikin ƙumar. Yaro mai rarrafe ya haɗiyi ƙuma ɗaya da ƙasar da ya kai baki, sai uwa ta ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa yana motsi a wandonsa. Ba ta kisa, amma maganin tsutsar da aka saba bayarwa ba shi ne nata ba, firazikwantel take so, kuma in ba a kashe ƙumar gidan ba za ta dawo.

A nan akwai abin da nake roƙon masu yaƙi da Lassa su ƙara a bakinsu. Ɓera ma da tasa ƙumar, ita ma tana ɗauke da wani zazzaɓin riketsiya. In ɓera ya ci guba ya mutu, jikinsa ya yi sanyi, ƙumar sauka take ta nemi mai ɗumi, ko kyanwa, ko mutum. A ƙasashen da ke fama da annobar nan ta ƙumar ɓera, irin Madagaska inda ta kama fiye da mutum 2,000 a 2017, ƙa'idar ita ce a fara kashe ƙuma kafin a kashe ɓera. Mu ba wannan annobar ke damunmu ba, amma ƙa'idar ta dace da mu. Jimla ɗaya ce za a ƙara a sanarwar da ake yi dama.

Wani zai ce rago ba dabbar wasa ba ce. A gidan Bahaushe ragon layya ɗan gida ne, wata uku ko huɗu yana turke a tsakar gida, yara na ba shi dusa, suna wanke shi da omo, har suna ba shi suna. Shi ne ke shigo da wata kaskar daban, babba, mai zane-zane a ƙafafu, mai gudu a ƙasa kamar gizo-gizo. Ita ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda aka fara gani a Kirimiya a 1944, aka sake gani a Kwango a 1956. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Abin tsoron shi ne dabba ba ta nuna alamar ciwo, tana cin harawarta lafiya lau alhali cutar na yawo a jininta. Mutum na ɗauka ta cizon kaskar, ko ta murtsuke ta da hannu, ko ta jinin dabba wajen yanka da fiɗa, daga nan kuma mai jinya da ma'aikacin asibiti su ɗauka daga majiyyaci. A Iraƙi, daga Janairu zuwa Mayun 2022, an samu mutum 212 da aka tabbatar ko ake zargin sun kamu, 27 suka rasu, galibi makiyaya da mahauta. Kada a ce ai can ne. Tun wajen 1970 masu bincike a Ibadan suka samu ƙwayar wannan cuta a kaskar dabbobin Nijeriya, kuma wani binciken da aka wallafa a 2016 ya samu alamarta a jinin mutane a Jihar Borno. Dabbobin da ke cika kasuwannin Mararrabar Liman Katagum da Azare kafin Babbar Salla ba su san iyakar jiha ba. Alamomin ciwon kuma sun yi kama da na Lassa. Idan aka kawo mahauci da zazzaɓi da zubar jini, gwajin Lassa ya ce babu, ya kamata a ce akwai tambaya ta gaba a rubuce, da inda za a tura jinin.

Shawarar da masana ke bayarwa a kan rago mai sauƙi ce, a yi masa maganin kaska sati biyu kafin yanka, mai fiɗa ya sa safar hannu ko aƙalla ya rufe duk wani ciwo da ke hannunsa. Sarkin fawa da limamai za su iya isar da wannan a Juma'a biyu.

Da yake ba wanda ya koya wa mutane, kowa ya koya wa kansa, kuma a nan ake wata ɓarnar. Na ga karen da aka shafe da baƙin mai. Na ga wanda aka yi wa wanka da kananzir fatarsa ta saɓule. Na ga wanda aka zuba wa fiya-fiya a kunne yana ta dalala yana makyarkyata, yaron da ya zuba masa shi ma yana amai. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa, amma irin wannan gubar ba ta ɓace daga teburan masu sayar da maganin ƙwari ba. Maganin feshin shanu, da murfin kwalba ake auna shi da ka, a yi wa ɗan kwikwiyo da ƙarfin da ya dace da bijimi. Akwai kuma maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin, wanda in aka ɗiga wa kyanwa sai ta kama farfaɗiya, sau da yawa ta mutu. Mai sayarwa bai sani ba, mai saye bai sani ba, rubutun da ke jikin kwalin kuma da Turanci yake.

To me nake roƙo? Babban roƙona bai kai kuɗin man mota ba. A katin da malamin asibiti ke cikewa ga duk mai zazzaɓi, a dukkan ƙananan hukumomi 20, a ƙara tambaya: akwai kare, kyanwa ko dabbar turke a gida, kuma an ga kaska ko ƙuma a sati biyun nan? In gwajin maleriya ya ce babu, amsar tambayar kuma ta ce e, a tuɓe majiyyaci a duba hammata, matsematsi, bayan kunne, cikin gashin kai da tafin ƙafa. A tabbata akwai doksisaikilin a asibitocin matakin farko, da bayanin wanda za a ba da wanda ba za a ba ba, musamman mai juna biyu, don kada maganin ya koma abin sha barkatai a kyamis. A yi hotunan baƙin tabon nan da ƙurajen a jikin baƙar fata a manna a ɗakin duba marasa lafiya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa na da likitocin da za su iya tsara wannan a zama ɗaya.

Yadda za a yi tambayar ma abin lura ne. A wasu unguwanninmu mutum na jin nauyin ya ce yana da kare, balle ya ce ɗansa na rungumarsa, ko da yake malamai sun yi bayanin halaccin ajiye shi don farauta da tsaron gona da dabbobi. In aka tambaye shi cikin izgili zai ce babu. A Yelwa da Dass da Tafawa Balewa da Bogoro kuwa kare a gida ba abin ɓoyewa ba ne. Jiha ɗaya ce, amma bakin da za a yi magana da shi ba ɗaya ba ne. Mafarauta su ma jama'a ce mai zaman kanta, mutum ɗaya na iya riƙe karnuka goma, su shiga daji su dawo da kaskar daji cikin gari. Suna da shugabanninsu, kuma suna son karnukansu fiye da yadda ake zato. Wanda ya zo musu da abin da zai hana kare rama, za su saurare shi.

Ranka ya daɗe Darakta, naka ɓangaren shi ne kada a ƙirƙiro sabon shiri da sabon kwamiti. Ana yi wa karnuka allurar rigakafin haukan kare, ana kuma tunawa da ranar yaƙi da cutar duk 28 ga Satumba. Karen da aka riga aka kamo aka riƙe don allura, minti ɗaya ya isa a duba kunnensa, a ɗiga masa maganin kaska, a gaya wa mai shi ya toshe tsagar bango ya ƙone tsumman kwanciyar. A ɗebi kaskar a kwalba, a rubuta unguwa da kwanan wata, a tura Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda tun 1924 take wannan aikin, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce daga nan. Shekara ɗaya ana haka, za mu san wace cuta ke cikin wace kaska a wace unguwa, mu daina aro daga Tanzaniya da Senegal. Masu rabon maganin maleriya na yara gida-gida da damina su ma suna shiga inda ni da kai ba ma shiga, suna ganin kyanwa a kan gado da idonsu.

Tun Disambar 2019 Nijeriya ta ƙaddamar da tsarin Lafiya Ɗaya, wanda ya haɗa ma'aikatun lafiya da noma da muhalli, a kan cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli abu guda ne. A takarda ya yi kyau. Abin da nake so in gani shi ne jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da malamin dabbobi na ƙaramar hukumar suna da lambar wayar juna, kuma wajibi ne su yi magana sau ɗaya a wata. Mun ga yadda aka tashi tsaye a 2019 da cutar shawara ta ɓulla a yankin Yankari a Alkaleri, aka fito da rigakafi, aka cika gidajen rediyo da sanarwa. Ana iyawa. Sai dai wancan sai da aka yi jana'iza tukuna.

Gidan rediyon jiha da Globe FM za su iya ɗaukar sauran, domin abin da magidanci ke bukatar ji kaɗan ne. In kaska ta kama mutum, a sa matsefata a kama ta daf da fata, a ja a hankali a miƙe, ba murɗawa. Kada a ƙona ta da ashana, kada a shafa mata kananzir ko man shafawa tana jiki, kada a murtsuke ta da farce. A wanke wurin da sabulu, a riƙe ranar a ka. In zazzaɓi ya biyo baya cikin sati biyu, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

A gidana mun yi abin da ya kamata in yi tun shekarun baya. An yaɓe tsagogin bangon baya, an ɗauke itacen girki daga makwancin kare, an sa masa abin wuya, kyanwar gidan kuma an daina barinta ta kwana a ɗakin yara. Karen yana nan, jikana ma bai daina duba masa kunne ba, sai dai yanzu da matsefata yake yi, yana jefa abin da ya ciro a kwalba mai sifirit. Abokansa na layinmu da na bayanmu sun gani sun kwaikwaya, suna kawo nasu. Kwalba uku ke nan a kan tagar zaurena, kowace da sunan layi da wata a rubuce. Duk wanda kuka turo daga ofishin ɗayanku, zai same su a nan.

Allah Ya taya ku riƙo.

Naku,
Tsohon malamin dabbobi,
Bauchi.